Sifirin Mai Falle-Falle a Motar Daji: Wane Gyara Ne Ya Cancanci Wahalarsa?

Duk mai motar daji da ya fara tunanin taɓa sifirin ɗinsa, abu uku yake nema a lokaci guda. Yana so motar ta ƙara tsayi, yana so ta ɗauki kaya ba tare da bayanta ya zauna ba, kuma yana so ta yi laushi a kan gargada. Sifirin mai falle-falle ba ya ba da ukun nan a cike. Abin da ka ƙara a wani ɓangare daga wani ɓangaren ka cire shi, kuma yawancin waɗanda suka yi da-na-sani bayan gyara ba su tsaya sun tantance wanne daga cikin ukun suka fi buƙata ba.

Dalili yana cikin yadda aka gina shi. A motar da ke kan naɗaɗɗen sifirin, aikin sifirin ɗaukar nauyi ne kawai, akwai wasu sandunan ƙarfe daban da ke riƙe aksul a wurinsa. Shi kuwa mai falle-falle shi kaɗai ke yin komai. Shi ke ɗaukar nauyin motar, shi ke hana aksul zamewa gaba ko baya ko gefe, shi ke karɓar murɗawar da aksul ke yi idan ka taka totur ko birki. Babban falle yana da ido biyu, ɗaya a ɗaure da shasi, ɗayan a rataye da shakul, wato ɗan ƙarfe mai lilo da ke haɗa shi da shasi, domin sifirin ya samu damar miƙewa idan nauyi ya danne shi. Santabol ya haɗe fallayen a tsakiya, yubol kuma, wato ƙarfe mai siffar harafin U, ya ɗaure su da aksul. Saboda haka in ka canza tsayinsa ko taurinsa, ka taɓa kusurwar farfela (sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa aksul), ka taɓa birki, in a gaba ne ka taɓa sitiyari.

Akwai wani lissafi da ya kamata mai mota ya riƙe kafin ya je wajen bakanike. Taurin sifirin yana ƙaruwa daidai da yawan fallaye da faɗinsu, amma kauri da tsawo sun fi haka tasiri nesa ba kusa ba. Falle da aka ninka kaurinsa biyu, taurinsa ya ninku takwas. Sifirin da aka ƙara wa tsawo da kashi 10 cikin 100, taurinsa ya ragu da kusan kashi 25 cikin 100. Wannan ne ya sa siraran fallaye masu yawa suka fi 'yan kaɗan masu kauri laushi, kuma shi ya sa dogon sifirin ya fi gajere daɗin tafiya. Da Toyota ta sake fasalin Land Cruiser 70 masu ɗaukar kaya a 1999, ta sa naɗaɗɗen sifirin a gaba, a baya kuma ta bar mai falle-falle amma ta ƙara masa tsawo. Har yau haka bayan motar yake.

Sai gaskiya ta biyu, wadda masu sayar da kayan ɗaga mota ba su cika son faɗa ba. A motar da ke da aksul guda miƙaƙƙe, ɗaga sifirin ba ya ɗaga tulun aksul, wato kumburin da ke jikin aksul inda haƙoran juya tayoyi suke, daga ƙasa ko da milimita ɗaya. Jiki da shasi ne suka tashi. Tulun yana nan inda yake, kuma shi ne ke dukan dutse, shi ne ke noman tudun tsakiya idan hanya ta zurma. Taya ce kawai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da aka ƙara mata. In ka tashi daga taya mai inci 31 zuwa mai inci 33, inci ɗaya ka samu a ƙarƙashin tulu, wato santimita biyu da rabi. Amfanin ɗaga sifirin na gaskiya shi ne samar wa babbar taya wuri, da hana hanci da ciki da wutsiyar mota goguwa a bakin kwazazzabo. Wannan amfani ne mai kyau, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Gyare-gyare masu araha

Mafi sauƙi shi ne dogon shakul. Tunda gefe ɗaya na sifirin kaɗai yake saukarwa, rabin abin da ka ƙara ne ke zama tsayi: shakul da ya fi na asali da santimita 5 zai ba ka kusan biyu da rabi. In ƙarin ɗan kaɗan ne, ba laifi, musamman idan sabon sifirin ya fi tsoho tsawo yana buƙatar wurin lilo. Da zarar ya yi yawa sai aksul ya juya, mota ta fara rangaji gefe da gefe. A motoci irin su Jeep CJ da Wrangler YJ da Land Cruiser 40 da Suzuki Samurai, waɗanda shakul ɗin sifirin gabansu ke ta wajen bamba, dogon shakul yana rage kwanciyar da aka yi wa aksul ɗin gaba, wadda ita ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana. Sai ka ga direba a kan titi miƙaƙƙe hannunsa bai huta ba, yana ta gyara mota dama da hagu.

Bulo da ake sa wa tsakanin sifirin da aksul kuwa yana aiki ne kawai inda sifirin ke saman aksul, kamar bayan Hilux mai jan ƙafa huɗu ko bayan Jeep Cherokee XJ. Inda sifirin ke ƙarƙashin aksul, bulo saukar da mota zai yi. Bai canza laushin tafiya ba, wannan ita ce falalarsa. Amma ya nesanta aksul daga sifirin, ya ba murɗawa ƙarin ƙarfi a kansa. Siririn bulo a baya ana iya haƙuri da shi. A aksul ɗin gaba kuwa kada ka yarda a sa maka, komai ƙanƙantarsa, domin nan ne nauyin birki da na sitiyari ke haɗuwa. Haka nan kada a jera bulo biyu ɗaya kan ɗaya.

Sake lanƙwasa tsofaffin fallaye da guduma ko da injin matsi yana dawo da tsayi na ɗan lokaci. Ƙarfen da ya gaji dai ya gaji, zai sake kwanciya. In za a yi shi da kyau sai an gasa fallen an sake yi masa horon zafi da sanyi yadda ake yi a masana'antar sifirin. Wutar walda a gefen hanya ba ta yin wannan aikin, kashe ƙarfen take yi, kuma inda ta taɓa nan zai karye.

Ƙarin falle shi ne wanda aka fi yi, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ana kwance santabol, a cusa falle ɗaya a cikin jerin, a mayar da sabon santabol mai tsawo. Yakan ba da tsayin santimita biyu da rabi zuwa biyar, ya kuma ƙara ƙarfin ɗaukar kaya. Iri biyu ne. Gajere mai kauri yana da arha, yana ɗagawa nan take, amma yana mayar da bayan mota tamau, kuma yana tara wahala a daidai inda bakinsa ya ƙare a jikin fallen da ke samansa. Dogo siriri wanda ya kusa kai tsawon babban falle ya fi raba nauyi, tafiyarsa ta fi daɗi.

Ga wanda sifirin ɗinsa ke da sauran lafiya, ya kuma ɗora wa motar wani nauyi na dindindin, kamar rumfar ƙarfe ko tankin ruwa ko safaya ta biyu, dogon ƙarin falle zaɓi ne mai ma'ana. Ga wanda sifirin ɗinsa ya riga ya miƙe, ɓoye ciwo ne kawai. Sabon fallen shi kaɗai zai ɗauki aikin tsofaffin, shi ma ya gaji da wuri, babban fallen da ke riƙe da aksul kuma yana nan da tsufansa. Araha ba ta ado.

Akwai masu yin akasin haka, su cire falle don mota ta yi laushi, ƙafafunta su riƙa bin ƙasa a kan duwatsu. Yawanci guntun falle mai kauri na can ƙasa suke cirewa, wanda a motocin a-kori-kura ba ya shiga aiki sai an yi lodi. Ƙafa takan ƙara sakewa, gaskiya ne. Sai dai fallen nan shi ke tare sauran kada su lanƙwashe su wuce iyaka, kuma yana taimakawa wajen hana aksul murɗewa. Motar da ba ta ɗaukar komai sai direba za ta iya rayuwa ba shi. Wadda ake yi wa lodi ko da sau ɗaya a wata, a bar mata shi.

Sabon jeri gaba ɗaya

A ganina nan ne kuɗin yawancin mutane ya fi dacewa ya tafi. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Dobinsons da Ironman 4x4 na Ostireliya, ko Deaver da Alcan na Amurka, suna yin jerin sifirin da aka auna wa kowace mota, galibi da ƙarin tsayin kusan santimita 5, kuma an rarraba su bisa nauyin da mota ke ɗauka kullum. Akwai na motar da ba ta ɗaukar kaya sosai, akwai na mai ɗauke da ƙarin kilo ɗari uku ko ɗari shida a kowane lokaci. Babban falle sabo ne, bushin da ke cikin idon falle sababbi ne, kuma masu kyau daga cikinsu ana naɗe falle na biyu ya zagaye idon babban falle, ta yadda ko babban ya karye a daji aksul ba zai zame baya ya bar motar ba. Duk mai tafiya nesa da gari ya nemi wannan naɗin, bai kamata a yi ciniki a kansa ba.

Inda ake faɗawa rami shi ne wajen zaɓen nauyi. Mutum zai tuna tafiyar da ya yi sau biyu a shekara da lodi har sama, sai ya sayi jerin da ya fi kowanne ƙarfi. Sauran kwanakin shekara motar ba komai a bayanta, tana ta tsalle a kan gargada, tayoyin baya ba sa zama a ƙasa balle su riƙe ta a kwana. Wannan ba rashin jin daɗi kaɗai ba ne, hatsari ne, domin tayar da ke sama ba ta birki ba ta juyi. Girgizar da sifirin ya ƙi sha kuma shasi da jikin mota ne za su sha ta, notuna su kwance, walda ta tsage.

Maganin wannan shi ne sikeli. Ka cika tanki, ka ɗora abin da motar ke ɗauka a ranar aiki ta yau da kullum, ka hau sikelin manyan motoci, a auna aksul ɗin gaba daban na baya daban. Ka kuma lura da inda kayan suke zama. Misali, a motar da ke da mita 3 tsakanin aksul da aksul, kilo 200 da aka ɗora mita ɗaya a bayan aksul ɗin baya yana danna shi da kusan kilo 267, yana kuma rage wa gaba kusan kilo 67. Wani lokaci matsar da tankin ruwa ko akwatin kayan aiki zuwa gaba ya fi kowane sabon sifirin magani. Kuma sifirin mai ƙarfi bai ƙara wa mota iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a farantinta ba. Birki da aksul da taya da shasi duk na da ne.

Jakar iska da ake sa wa tsakanin aksul da shasi tana jan hankalin mai nauyi mai canzawa, tunda zai hura ta ranar lodi ya sace ta ranar da ba kaya. Da iska kaɗan, a matsayin ɗan taimako, tana da amfani. Amma sifirin mai falle-falle yana raba nauyi ne a wurare biyu masu nisa a jikin shasi, jakar kuwa a wuri ɗaya take tara shi, daidai saman aksul, inda ba a yi shasin don haka ba. A-kori-kura mai ƙofa huɗu da aka yi wa lodi a can wutsiya, aka cika jakar tam, aka shiga gargada da gudu, tana iya lanƙwashe shasi a bayan gidan direba. Tana kuma rage nisan motsin ƙafa. Ga mai nauyi mai canzawa na fi son jeri mai hawa biyu, wanda fallayen sama ke da laushi, na ƙasa kuma ba sa shiga sai nauyi ya sauko.

Sifirin farabolik

Wannan wani iri ne daban. Maimakon fallaye bakwai ko tara ko goma sha ɗaya masu kauri iri ɗaya, falle biyu ne ko uku, kowanne da kauri a tsakiya yana sirancewa zuwa baki, kuma ba sa taɓa juna sai a tsakiya da ƙarshe. Masu tsofaffin Land Rover Series, waɗanda aka ƙera daga 1948 zuwa 1985, suna cikin waɗanda suka fi rungumar sa.

Don ka gane abin da yake gyarawa, ka tsuguna ka dubi tsohon jeri da ya sha laka da ruwa. Za ka ga jan tsatsa yana tsiyaya daga tsakanin fallayen, wani wuri ma tsatsar ta kumbura ta buɗe su. Ka sa wani ya danna bayan motar, za ka ji ƙara amma da ƙyar za ka ga motsi. Fallayen sun manne. Kafin su zame a kan juna sai duka mai ƙarfi ya zo, ƙananan duka kuwa kai tsaye suke wucewa zuwa kujera. Farabolik ba shi da wannan gogayyar, don haka yana amsa ƙaramin tudu da ƙaramin rami, ƙafa tana sauka ƙasa sosai, laka ba ta samun wurin maƙalewa, nauyinsa kuma bai kai na tsohon jeri ba.

Amma gogayyar da ya kawar tana da aikin da take yi: ita ke kashe lilo. Ba ita, duk aikin ya koma kan shokazoba, kuma tsohuwa ko mai arha ba za ta iya ba. Mota za ta fi kwanciya gefe a kwana. In falle ɗaya ya karye daga cikin biyu, rabin sifirin ya tafi, alhali mai jeri tara zai iya ɗaure nasa ya lallaɓa ya isa gari. Ingancin ƙarfe ma ya fi muhimmanci a nan, tunda kowane falle yana shan wahala fiye da na jeri. Ga mota marar nauyi da ake yawo da ita a kan duwatsu da gargada, farabolik mai kyau tare da shokazoba da ta dace da shi canji ne da za ka ji tun daga kilomita ta farko. Ga motar lodi mai tafiya inda babu mai gyara, jeri mai yawa ya fi ba ni kwanciyar hankali.

Mayar da sifirin saman aksul

Land Cruiser 40 da 60 da 70, Jeep CJ da YJ, da Suzuki Samurai duk sun fito da sifirin a ƙarƙashin aksul. Masu son hawan dutse sukan yanke mazaunin sifirin su yi waldarsa a sama. Tsayin da ake samu shi ne kaurin bututun aksul da kaurin jerin da na sabon mazaunin, wanda yakan kai santimita 12 zuwa 15. Hujjarsu tana da ƙarfi. An samu wannan tsayi duka da sifirin shimfiɗaɗɗe mai laushi, ba da mai lanƙwasa sosai ba, wanda ke da tauri yana kuma jan aksul gaba da baya duk lokacin da ya motsa. Farantin yubol da ke rataye a ƙasa yana kama dutse shi ma ya koma sama. A kan duwatsu, motar da aka yi wa wannan aiki da kyau tana sakin ƙafa yadda babu wani ƙarin falle ko shakul da zai kai ta.

Farashinsa shi ne murɗewar aksul. Ka tsaya a gefen irin wannan mota tana hawan tudun rairayi a giya ta ɗaya. Taya na juyawa gaba, bututun aksul na ƙoƙarin juyawa baya, hancin tulu ya ɗaga sama, sifirin ya lanƙwashe ya yi siffar harafin S. Da taya ta suɓuce sai sifirin ya warware da ƙarfi, taya ta sake kamawa, ya sake naɗewa. Bayan motar sai ya kama tsalle da buga ƙasa, daf-daf-daf. A cikin wannan tsallen ne kuros, wato mahaɗin farfela, ke fashewa, babban falle ya karye kusa da ido, wani lokaci haƙoran cikin tulu su kakkarye. Dole a haɗa wannan gyara da sandar hana murɗewa, wadda ita ma sai an sa mata shakul nata don kada ta ɗaure ƙafar da aka sha wahalar sakewa.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Sandar sitiyari za ta yi tsaye da yawa, duk lokacin da ƙafar gaba ta hau tudu sai sitiyari ya fizge, don haka sai an sake tsarinsa. Kusurwar aksul ɗin gaba sai an daidaita, kuma abin da farfela ke so da abin da sitiyari ke so sukan saɓa, har ya kai ga yanke bakin aksul a juya shi a sake walda. Farfela sai an ƙara mata tsawo, tiyon birki haka, shokazoba haka. Walda ɗaya da ba ta kama ba a nan tana nufin aksul ya bar mota a kan gudu.

Sannan ga kifewa. Injiniyoyi suna auna tsayuwar mota da raba faɗin da ke tsakanin tayoyi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyinta. Mota mai faɗin santimita 150 da cibiyar nauyi a santimita 70 tana ba da 1.07. In cibiyar ta hau zuwa 80, adadin ya sauka zuwa 0.94. Ƙaramin adadi yana nufin saurin kifewa, a kwanar titi ko a gangaren da ya karkata gefe. Gajerun motoci masu ƙaramin faɗi irin Samurai su suka fi jin wannan. Motar da ake kai yara makaranta da ita, ko ake doguwar tafiya a kan kwalta, ba na ba da shawarar a yi mata wannan aiki. Na motar da aka keɓe don dutse ne, a hannun wanda ya san lissafinsa. Ƙasashe da yawa ma ba sa barin irin wannan mota ta hau titi sai injiniya ya duba ya sa hannu, kamfanin inshora kuma yana iya ƙin biya idan ba a sanar da shi ba.

Juya shakul ɗin gaba zuwa baya ɗan'uwan wannan aiki ne. Yana sa tayar gaba ta ja baya idan ta daki tudu maimakon ta tunkare shi, don haka dukan yana raguwa. A madadin haka hancin mota yana nutsewa a birki, taya tana matsowa kusa da bayan madigadi, farfelar gaba kuma tana buƙatar dogon wurin zamewa.

Cire shi gaba ɗaya fa?

Kamfanoni da kansu sun bi wannan hanya. Range Rover ta fito da naɗaɗɗen sifirin tun 1970, Land Rover 110 ta biyo a 1983, Nissan Patrol Y60 a 1987, Land Cruiser 80 a 1990, Wrangler TJ mai naɗaɗɗen sifirin ta maye gurbin YJ, Suzuki Jimny ta 1998 ita ma haka. Laushi da sakin ƙafa sun fi, murɗewar aksul ta kau. Amma su sun zana shasin ne tun farko don haka. Kai za ka yi waldar mazaunan sanduna huɗu da sandar riƙe gefe a jikin shasin da ba a shirya masa ba, kuma kuskuren 'yan santimita a kusurwarsu yana sa bayan mota ya riƙa juya kansa. Sau da yawa sayar da motar a sayi wadda ta fito da naɗaɗɗen ya fi sauƙi. Mai ɗaukar kaya kuwa ya duba ya ga cewa Hilux da L200 da Land Cruiser 79 har yanzu mai falle-falle ne a bayansu.

Abubuwan da ke bin kowane ɗagawa

Ko wane zaɓi ka yi, akwai ƙananan ayyuka da in an tsallake su gyaran ya lalace. Shokazoba gajera za ta tsayar da ƙafa kafin sifirin ya gama sauka, har ta tsinke. Doguwa da yawa za ta ƙure kafin aksul ya taɓa robar tsayarwa. Robar nan ita ke hana sifirin lanƙwashewa ta baya, abin da ke saurin kashe shi, don haka a daidaita tsayinta da sabon tsarin. Tiyon birki da wayar birkin hannu da wayar ABS a gwada su da jak, ƙafa a rataye, a ga ko sun miƙe tam.

Tsofaffin Hilux da Land Cruiser da yawa suna da wani bawul a baya da sanda ta haɗa da aksul, mai auna nauyin kaya yana raba ƙarfin birki. In ka ɗaga mota, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, sai ya rage wa ƙafafun baya birki ko da lodi a kai. Ɗan ƙarfen da zai ɗaga mazaunin sandar daidai da tsayin da aka ƙara shi ne gyaransa, kuma an fi mantawa da shi fiye da komai. In jijjiga ta bayyana a wani gudu bayan ɗagawa, kusurwar farfela ce, ana gyara ta da siririn ƙarfe mai gangare a ƙarƙashin jerin. A motocin da ƙafafun gabansu ke cin gashin kansu, kamar Hilux na yanzu, gaba ba ya son wuce kusan santimita 5 saboda kusurwar shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba, don haka ɗaga baya fiye da haka ba shi da ma'ana.

Bushin na roba ya fi shan girgiza, ya fi barin sifirin ya murɗa. Na foliyuritan, wani nau'in roba mai tauri, ya fi riƙe mota tsaf amma yana son giris a kai a kai, in ba haka ba ya yi ta kuka. Yubol kuma sabo ake sawa duk lokacin da aka kwance, domin tsoho ya riga ya miƙe. A ɗaure notunan shakul da na ido bayan an sauke mota nauyinta ya zauna a kan taya, a kuma sake bin yubol da sufana bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na farko. Yubol mai sako-sako shi ke sa santabol ya guntule, aksul ya karkace.

In motarka ta aiki ce mai ɗaukar kaya kullum, sabon jeri mai yawan fallaye da aka zaɓa bisa sikeli, da tsayin da bai wuce santimita 5 ba, da shokazoba da ta dace da shi, ya wadatar. In sifirin ɗinka na da lafiya kuma nauyin da ka ƙara kaɗan ne, dogon ƙarin falle zai kai ka. In mota ce marar nauyi ta yawon daji, ka duba farabolik ko jeri mai siraran fallaye. Kafin ka sayi ko ɗaya, ka fara tsayar da girman tayar da kake so, ka ɗaga motar da jak ta kusurwa ɗaya har ƙafa ta shige ciki, ka juya sitiyari har ƙarshe, ka ga inda take gogawa. Sau da yawa ɗan yanke bakin madigadi da ƙara tsayin robar tsayarwa suna samar da wurin da za a nema da ɗagawar santimita goma.